Karkataccen Agogon Maman Debby

A falon Talatu, a unguwar Nasarawa da ke kudu da kogin Kaduna, akwai agogon bango wanda duk baƙon da ya shigo sai ya karkata kansa kafin ya karanta lokaci. Akwatin katako ne mai ƙofar gilashi. A cikinsa wani siririn ƙarfe mai faifan tagulla a ƙasa yana lilo, dama da hagu, ba hutawa. Talatu tana kiran ƙarfen nan wutsiya. Agogon ba a miƙe yake rataye ba. Ya jingina ta wajen taga kamar mai sauraron hirar waje, an kuma kafa wata 'yar ƙusa a gefensa ta tare shi a haka. Amma bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Da bugunsa Talatu take tashi ta ɗora tukunyar kunu, da bugunsa take fita da bokiti da tiren awara zuwa bakin titi, ta tari ma'aikatan masaƙa idan sun tashi. Maƙwabciyarta Hauwa ma da shi take shirya yaranta makaranta, ta bayan katanga.

Mijin Talatu, Saja Jethro, shi ya sayo agogon a Lebanon lokacin da aka tura su kiyaye zaman lafiya. Ya kawo, ya rataye, ya koma bakin aiki. Haka auren ya tafi. Ya zo hutu, ya koma. Yau yana Maiduguri, gobe Fatakwal, daga baya Laberiya da Saliyo. Talatu ta gaji da yawon bariki da yara a baya, ta zauna a ɗan filin da suka saya, ta ɗora bulo a kan bulo har ya zama gida. A nan ta raini 'ya'yansu, a nan ta aurar da babbarsu, Debby, zuwa Gonin Gora.

A 1999, ana shirin miƙa mulki ga farar hula, Jethro ya ajiye kaki. Ya dawo gida da akwatin ƙarfe, da dutsen guga, da kunnen hagu wanda ƙarar manyan bindigogi ta kashe. Talatu ta yanka zakara. A coci ta tashi ta yi godiya a gaban jama'a, ta ce abin da ta daɗe tana roƙo ke nan: ta tsufa tare da mijinta a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Sai dai namijin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana karɓar umarni yana sauke shi a kan na ƙasa da shi, ba ya iya zama shiru a tsakar gida. Wannan ba jarumta ba ce, rashin aikin yi ne. Jethro ya duba gidan, ya ga komai a hargitse, ya shiga gyara. Ya jera bokitai daga babba zuwa ƙarami. Ya kawar da dutsen da ke tare ƙofar kicin don ya ce ba wurinsa ba ne, iska ta buga ƙofar ta fasa kwalbar manja. Ya ja igiyar shanya ya ɗaure ta tam kamar waya, aka shanya jiƙaƙƙen bargo ta tsinke. Ya sa wa kaji lokacin shiga akurki.

"Baban Debby," in ji Talatu, tana tsintar wanki daga ƙasa, "kajin nan ba su yi rantsuwar soja ba."

"Gida ba tsari ba gida ba ne."

"To a ina ka kwana jiya, a tasha?"

"Me kika ce?"

"Na ce tuwonka zai huce!" Ta zagayo ta kunnen dama ta faɗa.

Tana yi masa tsiya, amma ba ta hana shi. Gara mata ya ɓata igiya yana gida, da igiya lafiya yana wata ƙasa.

Agogon ne ya fi tsone masa ido. Duk lokacin da ya zauna a kujera yana sauraron labarai a rediyo, idonsa sai ya koma kansa. Ya yi magana sau biyu, ta ce ya bar shi. Wata Lahadi bayan sujada, Talatu ta tsaya taron Zumuntar Mata. Jethro ya dawo gida shi kaɗai, ya tuɓe rigar coci, ya ɗaura noti a bakin zare ya sake shi daga saman bango kamar yadda magina suke yi. Ya zare 'yar ƙusar nan da filaya. Ya tura agogon har gefensa ya daidaita da zaren. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu. Abin ya yi kyau, ba ƙarya.

Kafin ya gama wanke hannu, wutsiyar ta tsaya.

Ya buɗe gilashin ya tura ta da yatsa. Ta yi lilo na ɗan lokaci, lilon yana raguwa, ta sake tsayawa. Ya sake turawa da ƙarfi. Haka Talatu ta shigo ta same shi, tana sanye da zanen zumunta, Littafi Mai Tsarki a hammata. Ba ta dubi agogon ba ma tukuna. Shirun falon ne ya tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Me ka yi?"

"Na miƙar da shi ne kawai."

"Ya ce maka bayansa na ciwo?"

"Abu a karkace shekara da shekaru, ba wanda ya damu! Tsufa ne ya kama shi, mai yake so."

Ta ga ƙusar a kan tebur. Ta ɗauka, ta ƙulle ta a bakin zanenta.

"Wanda ya kashe shi, shi zai tashe shi," in ji ta, ta wuce kicin.

Ta san yadda ake tashinsa. Ba ta faɗa ba, don ranta ya ɓaci, kuma shi bai tambaya ba, don a ganinsa saja ba ya tambayar mai kunu yadda inji ke aiki. Girman kai iri biyu ne suka haɗu a falo ɗaya, kuma babu mai kyau a cikinsu.

Washegari Talatu ta makara. Rana ta fito kafin ta ɗora tukunya. Can da rana Hauwa ta leƙo ta saman katanga da ɗankwali a karkace.

"Maman Debby, lafiya? Yarana sun sha bulala a makaranta yau. Agogon ya yi tafiya ne?"

"An yi masa juyin mulki," in ji Talatu da ƙarfi, ta yadda ko kunnen hagu zai ji.

Jethro ya ji. Ya ɗiga wa agogon man keken ɗinki, bai tashi ba. Ya hura masa iska da famfon keke, bai tashi ba. Ya zauna a kujera yana kallon wutsiyar a tsaye, ya tuna manja, ya tuna igiya, ya ƙulla wani tunani a ransa: gidan nan yana tafiya daidai ne lokacin da ba ya nan. Duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Shi baƙo ne da ya wuce kwanakinsa.

Cikin wannan hali Kofur Tanko ya same shi. Tare suka yi Laberiya, Tanko ya riga shi barin aiki. Ya zo da wata doguwar mota mai sheƙi wadda ta kasa shiga lungu, ya bar ta a bakin titi yara suna leƙa gilashi. Yanzu direban wani sabon ɗan majalisa ne.

"Oga Saja! Kai ne ka koma makiyayin kaji?"

"Tanko, tumbi ka yi haka? Wa zai ce ka taɓa rarrafe a daji?"

"Farar hula ce, oga, tana da maiƙo." Ya zauna, ya sha kunun da Talatu ta kawo, ya gaishe ta da "Mama, ina gajiya," sannan da ta fita ya matso ta kunnen dama. "Onarabul ya kama gida a Abuja. Yana neman tsohon soja da zai shugabanci masu gadi. Akwai yunifom, akwai ɗaki, akwai yara huɗu a ƙarƙashinka da za su sara maka safe da yamma. Na ce masa ina da mutum. Wanda in ya ce tsaya, ko ƙuda sai ya tsaya."

"Ni da na yi ritaya."

"Ritaya ta masu ciwon ƙafa ce. Dube ka! Nan da Abuja ai ƙofa da ƙofa ne, ƙarshen wata ka zo ka ga Mama, ka koma. Ran Asabar da hantsi zan wuce, ka shirya jaka."

Da yamma suna cin tuwon masara da miyar karkashi, Jethro ya gaya mata. Talatu ta daina cin abinci. Ƙarshen wata ka zo, ka koma: ta san wannan waƙar tun tana da baƙin gashi. Tana so ta ce kada ka tafi. Abin da ya fito daga bakinta shi ne:

"Ka tafi da bargo. An ce can ma ana sanyi da damina."

Mutane da yawa sun rasa abin da suke so saboda sun ƙi buɗe baki su roƙa. Shi kuma ya ɗauki maganar bargon a matsayin sallama.

Abu ɗaya ya rage masa. Ba zai tafi ya bar ɓarna a bayansa ba. Ran Juma'a ya sauke agogon, ya naɗe shi a tsohon zane, ya rungume shi a cikin bas har kasuwar Kakuri, wurin Boniface mai gyaran agogo. Boniface ɗan Ibo ne da ya tsufa a Kakuri, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan, yana zaune a bayan teburin gilashi cike da matattun agogunan hannu. Jethro ya same shi ya shimfiɗa jarida a kan teburin yana karatu. Ya gaishe shi, ya ce shi tsohon saja ne.

Da Jethro ya warware zanen, Boniface ya dafe kai.

"Oga Saja! Ka ɗauko shi da fendulum a ciki? A cikin bas? A wannan titin?"

"Da me a ciki?"

"Fendulum. Wannan." Ya cire ƙarfen mai faifai a hankali, ya duba maƙalinsa, ya yi ajiyar zuciya. "Allah ya taimake ka bai karye ba. Ana cire shi kafin a motsa agogo. Shi ne ransa gaba ɗaya. Sauran duk ƙafafun haƙora ne da ke jiran ya ba su izini. Ya je, ya dawo, allura ta matsa. In bai dawo ba, ba lokaci."

"Matata wutsiya take ce masa."

"Madam ta fi Bature iya suna." Boniface ya buga jaridar da bayan hannu. "Ka ga yanzun nan nake karanta shi a nan. Masu jarida sun kama kalmar kamar sabon takalmi. Wai fendulum ya koma wajen farar hula. Haka Turawa suke yi da ita, duk abin da ke zuwa ya dawo sai su ce fendulum ne. Mulki, farashin kaya, tsawon siket na mata, har mutumin da zuciyarsa ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Kuma ba su yi ƙarya ba. Mun ga farar hula, mun ga ku, mun ga farar hula, mun sake ganinku. Yanzu ga shi an ce kun tafi." Ya kalle shi ta saman tabarau. "Kun tafi da gaske, ko kun je ɗauko wani abu ne ku dawo?"

"Ni saja ne. Ba a taɓa kirana taron juyin mulki ba. Da safe nake ji a rediyo kamar kai."

"No wahala, oga. Tambaya ce."

Boniface ya rataye agogon a ƙusar da ke jikin katakon shagon, ya mayar da fendulum, ya tura shi. Ya kara kunne.

"Ka ji?"

"Ban ji komai ba."

"Yana ɗingishi. Ƙas-ƙas, sai ya jira, ƙas-ƙas. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. A haka ba zai yi nisa ba." Ya sa yatsa biyu a ƙasan akwatin ya karkata shi kaɗan kaɗan, kansa a sunkuye. Ya tsaya. "Yauwa. Yanzu ya daidaita." Ya ja da baya ya dubi agogon a karkace, sai ya fashe da dariya. "Ai na san wannan tsohon! Na Madam mai awara ne, ta Nasarawa. Ashe kai ne mai gidan."

"Ta taɓa kawo shi?"

"Da daɗewa. Lokacin da ake yaƙin Laberiya, ana ta kawo gawarwaki. Akwai wani ɗan cokali a bayansa da ke riƙe fendulum, ya lanƙwashe, alamar ya taɓa faɗuwa. Shi ya sa sai a karkace yake tafiya. Na ce mata kafin ta gama shan ruwa zan miƙe shi, ta rataye abinta a tsaye kamar na kowa. Na ɗauko filaya, matar nan ta riƙe mini hannu. Ta ce in share ƙura kawai, kada in taɓa komai. Na tambaye ta dalili, ta ce ba ruwana." Ya ɗaga filayar. "To kai fa? In miƙe? Kai ne mai gida."

Jethro ya daɗe yana kallon agogon. Wani abu ya dawo masa wanda ya manta tun tuni: safiyar da motar bariki ta zo ɗaukarsa zuwa Laberiya, tana hon a waje, ya saɓa jakar kaya da sauri, gindinta ya doki agogon ya faɗo kan kujera. Ya ɗauka ya maƙala shi a ƙusa yadda ya samu, ya fita da gudu.

"Bar shi," in ji shi. "Cire mini wutsiyar, ka naɗe ta daban."

Ran Asabar da safe jakarsa tana bakin ƙofa, da bargo a naɗe a kai. Talatu tana tsakar gida tana tace gasara, ta ba falon baya. Jethro ya rataye agogon, ya mayar da fendulum, ya tura. Ya karkata akwatin kamar yadda ya ga Boniface ya yi. Ya tsaya. Ya ƙara karkatawa, ya sake tsayawa. Ya manna kunnen dama a jikin katako. Yana jin ƙarar kamar daga ƙasan rijiya, amma ya kasa rabe ɗingishi da tafiya daidai. Bindigogin ba su bar masa wannan ba. Ya gwada har gumi ya jiƙa masa riga.

Daga ƙarshe ya yi abin da bai yi ba tun da ya dawo.

"Maman Debby."

"Ina aiki."

"Zo ki ara mini kunnenki. Nawa ba ya kai wa."

Ta yi kamar ba za ta zo ba. Sannan ta ɗauraye hannu, ta shigo tana gogewa da zani, ta tsaya a ƙarƙashin agogon ta rufe ido.

"Tura wutsiyar. A hankali, ba mari za ka yi mata ba. To, kai shi wajen taga. Ƙara. Ƙara kaɗan. Kai, ka wuce! Dawo. Baban Debby, dawo na ce, ba ka koma Lebanon ba." Ta ɗaga yatsa. "Tsaya nan. Kada ka yi numfashi."

Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Ita ta ji. Shi ya gani a fuskarta.

Ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa 'yar ƙusar. Ramin yana nan a bango, daidai gefen akwatin. Ya mayar da ita ya buga da gindin filaya.

"Boniface ya ce kin hana shi gyarawa."

"Boniface ya cika surutu."

"Don me kika hana?"

Ta zauna a hannun kujera. "Ranar da ka tafi, ka bar shi a karkace yana tafiya. Da na dawo daga rakiya na miƙe shi, kamar yadda ka yi. Ya tsaya. Mijina ya tafi yaƙi da safe, agogonsa ya mutu da rana. Ka san abin da ya zo mini a rai. Na mayar da shi yadda hannunka ya bar shi, sai ya tashi. Na kafa ƙusa. Wata da watanni ba labarinka, matan bariki suna ta sa baƙin kaya. Ni kuwa in na ji yana bugawa sai in ce, Jethro yana numfashi."

"Wannan ai camfi ne. Da Fasto ya ji..."

"Na san camfi ne. Na yi addu'a kuma na riƙe ƙusata. Ka kai ƙarata."

Camfi ne, babu shakka, katako da tagulla ba sa riƙe ran mutum. Amma wanda bai taɓa jiran wani daga bakin daga ba, ya yi a hankali wajen yanke hukunci.

Jethro ya share maƙogwaro. "Yana buƙatar a wana shi. Ina makullin?"

Talatu ba ta ba shi ba. Ta shiga kicin ta mirgino turmi, ta kifa shi a ƙarƙashin agogon. Ta ciro makullin daga zaren da ke wuyanta. Ta dafa bango, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan turmin, ta cije leɓe. Da ta ɗaga hannun dama, bai wuce kafaɗa ba, sai da ta tallafe shi da na hagu. Jethro ya kama ta ta ƙugu ya sauke ta.

"Me ya sami hannun nan?"

"Ba komai."

"Talatu."

Rabon da ya kira sunanta tun yara suna ƙanana.

"Bara na zamo daga kan turmin," in ji ta. "Kana Saliyo. Hauwa ce ta kai ni wajen mai ɗori. Ya warke, ɗagawa ce kawai ba ya so."

"Kuma kike ci gaba da hawa? Ina cikin gidan nan, da tsawona kamar falwaya?"

"Sai ka fita yawon safiya nake hawa."

"Don me ba ki ba ni makullin ba?"

"Don ban sani ba ko zama ka zo yi, ko hutu." Ta dubi jakar da ke bakin ƙofa. "Kowace Lahadi ake wana shi, Baban Debby. Ba ya jiran ƙarshen wata. In na ba ka na saba, ka tafi, hawan turmin zai fi yi mini wuya. Ga shi kuwa ban yi kuskure ba."

Daga bakin titi hon ya tashi, dogo, na motar da ta san darajar kanta. Ko Jethro ya ji wannan. Jim kaɗan Tanko ya leƙo, yana kaɗa makullan mota a yatsa.

"Oga Saja, mu kama hanya kafin 'yan tirela su cika Kakau. Mama, ina kwana? Kada ki damu, zan riƙa kawo miki shi kamar albashi." Idonsa ya faɗa kan bango. "Kai, oga! Kana cikin gida agogo yana tsaye kamar ya sha burkutu? Bari in miƙe muku."

"Taɓa shi ka gani!" Murya biyu ne suka faɗa tare.

Tanko ya janye hannu. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya dubi turmin da ke kife a tsakiyar falo.

"Ka gaida Onarabul," in ji Jethro. "Ka ce masa na gode. Ya nemi wani."

"Haba oga! Yunifom fa? Yara huɗu suna sara maka?"

"An riga an ba ni wani aikin."

"A ina? Nawa suke biya?"

"Kofur, ka cika tambaya. Tirela za su tare ka."

Tanko ya sosa ƙeya, ya yi dariya, ya ƙame ya sara masa da tumbinsa a gaba. Talatu ta cika masa gora da kunu ta ƙulla masa awara mai zafi, don ba a sallamar baƙo hannu wofi ko da ya zo ɗauke maka miji ne.

Da ƙarar motar ta yi nisa, Jethro ya miƙa tafin hannu. Talatu ta cire zaren daga wuyanta gaba ɗaya ta ɗora masa. Bai buƙaci turmi ba. Ya zura makullin a ramin farko ya fara juyawa.

"A hankali. In ka ji ya yi tauri ka tsaya, ba wuyan ɗan tawaye ba ne. Saura ɗaya ramin, na bugawa."

Ya wana na biyun. Ya daidaita allurai da agogon hannunsa, ya rufe gilashin, ya mirgina turmin ya mayar kicin. A hanya ya ga dutsen da ya kawar daga ƙofar, ya tura shi da ƙafa ya koma wurinsa. Ya ɗauki jakarsa ya shigar da ita ɗaki.

"Bargon kuma ka shanya shi," in ji Talatu daga tsakar gida. "Amma ka sassauta igiyar."

Yana cikin sassautawa agogon ya buga. Ta bayan katanga muryar Hauwa ta taso.

"Maman Debby! Ya dawo ke nan?"

Talatu ta ci gaba da tace gasararta.

"Ya dawo," in ji ta.